Kaɗi da Dangoginsa a Ƙasar Abuja: Waiwaye a Kan Tarihin Wata Sana'ar Mata

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin tattalin arzikin ƙasar Hausa ba ya rasa cin karo da labarin tufafi. Ana ambaton marinar Ƙofar Mata a Kano, da 'yan kura waɗanda Buzaye suke naɗawa, da rigunan Nupe masu aiki, da fataken da suke kai waɗannan kaya Gwanja da Agadas da Tambutu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne zaren da aka saƙa tufafin da shi, da kuma hannun da ya kaɗa shi. Kafin zaren masana'anta ya shigo, babu wani ƙyallen auduga da ya fito daga masaƙar Bahaushe ba tare da mace ta zauna ta murza mazari a kansa ba. Wannan takarda za ta dubi sana'ar kaɗi da sana'o'in da suke rataye da ita a ƙasar Abuja, wato tsohuwar masarautar da yanzu ake kira Suleja da kuma yankin da aka yanka aka mai da shi Babban Birnin Tarayya. Za a bi yadda ake yin sana'ar, da matsayinta a tsarin tattalin arziki na dauri, da dalilan durƙushewarta, sa'an nan a dubi abin da ta bari a cikin harshe.

2.0 Ƙasar Abuja Kafin Zuwan Turawa

Asalin masarautar Abuja yana komawa ga faɗuwar Zazzau a hannun masu jihadi. Littafin tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda Frank Heath ya fassara aka buga a 1952, ya sa wannan a shekarar 1804, amma wasu masana tarihi sun kai shi 1808. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka a Zuba, garin Koro, ya ci gaba da yaƙe-yaƙe har ya rasu a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, shi ne kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Waɗanda suka yi wannan ƙaura sun tafi da tsarin sarauta irin na Haɓe, wanda M. G. Smith ya dogara da bayaninsa wajen fito da siffar mulkin Zazzau kafin jihadi a littafinsa na 1960. Sun kuma tafi da matansu da bayinsu da sana'o'insu, daga ciki har da kaɗi da saƙa da rini.

Ƙasar da suka tarar ba kango ba ce. Akwai Gwari, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa, manoma ne masu shuka auduga a cikin amfanin gonarsu, suna kuma da masaƙansu. Daga yamma ga ƙasar Nupe, wadda ta yi suna wajen saƙar mata da aikin riga, daga kudu kuma ga Igbira masu irin wannan saƙa ta mata. Saboda haka Abuja ta zauna ne a mahaɗar al'adun tufafi da dama. Sai dai a shekarun farko garin ya zama kamar sansanin yaƙi, yana kare kansa daga hare-haren Zariya, ciniki da masarautun Fulani na Bida da Zariya bai buɗe ba sai a zamanin Abu Kwaka, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1877. Wannan yana da muhimmanci ga batun da ake magana a kai, domin garin da hanyoyin fatauci suka toshe masa dole ya tufatar da kansa da abin da ya noma, ya kaɗa, ya saƙa, ya rina da baban da yake tsiro a ƙasarsa. Har bayan zuwan Turawa an san garin da saƙar auduga da rini da saƙar tabarma.

3.0 Yadda Ake Kaɗi

Aikin yana farawa ne bayan an tsinci auduga a gona, lokacin kaka zuwa farkon hunturu. Mataki na farko shi ne gurza. Mace takan ɗora 'yar auduga kaɗan a kan magurji, wato wani shimfiɗaɗɗen dutse ko katako, ta riƙa murza siririn ƙarfe a kanta da tafin hannu har ƙwayoyin su fice gaba, su bar tsabar audugar a baya. Ƙwayar ita ce gurya ko angurya, ba a kuwa zubar da ita, domin ita ce irin shuka na baɗi, ana kuma ba dabbobi. Aiki ne mai cin rai, mace takan yini a kansa abin da ta samu bai cika ƙwarya ba.

Daga nan sai shiɓa, wadda wasu suke kira saɓi. Ana amfani da ɗan ƙaramin baka, bakan shiɓa, a riƙa fizgar tsirkiyarsa a cikin audugar har ta warware ta yi laushi, datti ya zube. Audugar da aka shiɓe aka naɗe ta don kaɗi ita ce sutu. Mai kaɗi takan riƙe sutu a hannun hagu ta ɗaga shi sama, ta ja ɗan sili daga jikinsa ta maƙala a mazari, sa'an nan ta murza mazarin da yatsun hannun dama. Mazari siririn tsinke ne mai gululu a gindinsa, gululu kuwa ɗan dunƙulen yumɓu ne da aka gasa, shi yake ba mazarin nauyin da zai riƙa juyawa bayan an sake shi. Ana kafa tsininsa a cikin taskira ko 'yar tasa ko a kan ƙyallen fata don kada ya zame. Kusa da ita akwai alli, wanda akan yi da ƙonannen ƙashi, tana dangwala yatsu a kai don kada gumi ya sa su santsi. In silin ya yi tsawon hannu ya kuma murɗu yadda take so, sai ta naɗe shi a jikin mazarin ta sake jan wani.

A nan ne gwaninta take. Iri biyu ake kaɗawa, kowanne da mazarinsa. Akwai zare, siriri mai tsananin murɗi, wanda ake yi da ƙaramin mazari, shi ne ake miƙewa a tsaye a masaƙa, don haka dole ya jure ja da gogayya. Akwai kuma abawa, mai kauri da sassaucin murɗi, wadda ake yi da babban mazari, ita ce ake jefawa a kwance. Yarinya takan fara koyo da abawa, domin in ta yi ƙulli-ƙulli saƙa tana iya ɓoye shi. Zare kuwa ba ya ɓoye aibin mai shi: in wani wuri ya yi siranta fiye da kima zai tsinke wa masaƙi a tsakiyar aiki, shi kuwa ya san daga gidan da ya fito. Mafi sirantar zare shi ne arafiya, ba kowace mace take iya shi ba, kuma tsadarsa ta fi ta sauran.

Ba auduga kaɗai ake kaɗawa ba. Akwai tsamiya, wato silikin da wasu tsutsotsi suke yi a jikin itatuwa, musamman itacen tsamiya inda ya samo sunansa. Ana dafa gidan tsutsar da toka har ya saki, a wanke, a shanya, sa'an nan a kaɗa shi kamar auduga. Da shi ake yi wa manyan riguna aiki irin su aska biyu da aska takwas. Akwai kuma alharini, jan siliki da ake kawowa ta hamada daga Tarabulus, wanda sunansa ma daga Larabci yake. Da shi ake yin barage.

Idan zare ya bar hannun mai kaɗi, sai ya shiga hannun masaƙi. Shi zai yi wadari, wato ya kafa turaka ya riƙa kai da komo yana miƙe zaren har ya kai tsawon da yake bukata, ya zura shi a allera da matsefi, ya ɗaure ƙarshensa a kunkuru, dutsen da yake jan zaren ya miƙe. Abawa kuwa a naɗe ta a kwarkwaro a sa a cikin ƙoshiya. Saƙar maza siririya ce, sai an haɗa ƙwarya da yawa kafin a sami zane ko riga, ta 'yan kura ma faɗinta bai kai yatsu biyu ba. Saƙar mata a tsaye ake kafa ta a cikin gida, tana da faɗi, daga gare ta ake samun gwado da majanyi. Bayan saƙa sai rini a karofi, sai bugu, sai ɗinki.

4.0 Matsayin Mai Kaɗi a Tattalin Arziki

Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take sayarwa a waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, ya kuma ce a cikin birnin kaɗai akwai karofi fiye da 2,000, kowanne ana biya masa harajin wuri 700. Abuja ba ta kusanci wannan ba, ba ta kuma yi gasa da Kano ba. Amma lissafin Barth yana nuna wani abu da ya shafi ko'ina. Kaɗi ya fi saƙa jinkiri ƙwarai, abin da masaƙi ɗaya zai cinye a yini sai mata da dama sun taru a kansa. Idan haka ne, yawan masu kaɗi ya ninka na masaƙa da marina, kuma su ne mafi yawan ma'aikatan wannan sana'a gaba ɗaya.

To me ya sa tarihi ya yi shiru a kansu? Amsar tana cikin irin abin da ake rubutawa. Marini yana da karofi a fili, ana ƙirga shi a sa masa kuɗin karofi. Masaƙa da marina suna da sarakunan sana'a waɗanda suke tsaya musu a fada. Mai kaɗi ba ta da rumfa, ba ta da sarki, aikinta a tsakar gida yake, tsakanin girki da raino, ko da dare a gaban fitilar man gyaɗa ana hira. Zarenta yakan fita kasuwa ne a hannun 'yarta ko dillaliya. Marubucin fada da jami'in haraji da baƙon Bature duk abin da yake a fili suke gani. Sai a irin littafin Mary Smith na 1954, inda wata tsohuwa daga ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta ba da labarin rayuwarta da bakinta, ake ganin yadda kaɗi ya ratsa rayuwar mata ta yau da kullum.

Harshen kansa ya nuna wannan rashin gurbi. Hausa tana da tsari na fitar da sunan mai aiki da ɗafa-goshin ma-, kamar masaƙi da marini da maɗinki da maƙeri. Daga aikatau kaɗa kuwa, makaɗi ya riga ya zama sunan mai kiɗa, saboda haka wadda take murza mazari sai dai a ce da ita mai kaɗi. Kayan aikinta sun sami sunaye a wannan tsari, ga mazari ga magurji ga masaɓi, ita ce dai ba ta samu ba. Abin lura kuma shi ne, a karin harshen yamma, kamar na Sakkwato, audugar kanta kaɗa ake ce mata.

Ga mace kuwa, kuɗin zare nata ne, miji ba shi da iko da shi. Da shi take yin biki da gudummawa, take tara wa 'yarta kayan ɗaki, take sayen akuya. Matar da take cikin kulle, wadda ba ta noma ba ta zuwa kasuwa, kaɗi yana cikin 'yan hanyoyin da take da su na samun abin hannunta, tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare ma tana iya yinsa daga zaune. Ba za a manta ba kuma cewa a ƙarni na 19 wani kaso na wannan aiki bayi mata ne suke yinsa a gidajen masu mulki da rinji, ba su kuwa ci moriyar guminsu ba.

5.0 Zuwan Turawa da Zaren Masana'anta

Abin da ya kashe mazari ya faro ne daga Ingila. Can ma matsalar ita ce jinkirin kaɗi, har James Hargreaves ya ƙera na'urarsa wajen 1764, Richard Arkwright ya biyo da tasa a 1769, Samuel Crompton kuma a 1779. Daga nan zare ya yi araha, masaƙun Lankasha suka shiga neman auduga da kasuwa a duk faɗin duniya. A 1902, shekarar da sojojin Ingila suka shiga Abuja a ƙarshen zamanin Sarki Ibrahim, aka kafa ƙungiyar B.C.G.A. a Mancesta don bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila take mulka. Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da ta fi sa wa rai, kuma wannan fata yana cikin dalilan shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911.

Abin bai tafi yadda suka tsara ba. Kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a littafinsa na 1978, masu kaɗi da masaƙa na gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi wadda Turawa suke bayarwa, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba. Wato a shekarun farko na mulkin mallaka, mata masu mazari sun fi ƙarfin 'yan kasuwar Mancesta a kasuwar auduga. Daga baya aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, aka kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, aka tsara kasuwannin auduga na hukuma, a wasu gundumomi ma aka hana shuka irin gida. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga. Sannu a hankali audugar da take tsayawa a gida ta ragu, akoko da alawayyo da atamfa suka cika kasuwa, har likkafani da a da ake yi da farin saƙa ya koma na yadin kanti.

Amma abin da ya fi yi wa kaɗi illa shi ne zaren masana'anta, domin shi ya raba masaƙi da mai kaɗi. Masaƙi ya ga zaren kanti ba ya tsinkewa, kaurinsa ɗaya, ga shi a rine. Ya fara da sa shi a tsaye yana jefa abawar gida a kwance, shi ya sa abawa ta daɗe bayan siririn zare ya ja baya, musamman a saƙar gwado da luru. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Lankasha, wasu masaƙu kuma suka biyo baya a Kaduna da Kano, sai zaren ya zama na gida, ya ƙara araha. Saƙa da rini sun rayu da baƙon zare, kaɗi kuwa ba shi da abin da zai jingina da shi. A Indiya, Gandhi ya mai da keken kaɗi alamar neman 'yanci tun shekarun 1920, abin da ya sa sana'ar ta sami masu kare ta. A nan 'yan siyasar neman mulkin kai masana'anta suka sa a gaba, ba kuwa za a ga laifinsu ba, domin tufafi masu araha bukata ce ta talaka. Masana'antun su ma ba su dawwama ba: an rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, ta U.N.T.L. ta tsaya a 2007.

A garin Abuja kansa akwai abin kwatance. A zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya hau sarauta a 1944, Michael Cardew ya zaɓi garin ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, sunanta ya kai Turai da Amurka, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. Ginin tukwane da kaɗi duk sana'o'in mata ne na ƙasa ɗaya. Bambancin shi ne tukunya abu ce gamammiya, ana iya ɗora ta a kan teburi a ce ga wadda ta gina ta. Zare kuwa ɓacewa yake yi a cikin rigar wani, a yabi masaƙi da maɗinki.

6.0 Birnin Tarayya da Abin da Ya Rage a Harshe

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta samar da Babban Birnin Tarayya, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu, ya kuma zauna a Jihar Neja. An tashi wasu ƙauyuka aka mai da mutanensu wurare irin su Sabon Wuse, gonakin Garki da Wuse da Maitama suka zama unguwanni da ofisoshi, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Kafin wannan lokaci kaɗi ya riga ya yi rauni, ginin birnin sai ya ɗauke abin da ya rage masa, wato 'yar gonar auduga ta bayan gida da zaman tsakar gida inda jika take koyo a gaban kaka. Shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, ya ƙarfafa sana'o'in hannu, an kuma buɗe kasuwar kayan gargajiya a tsakiyar birnin, amma yawancin saƙar da ake bajewa a irin waɗannan wurare da zaren kanti aka yi ta.

Inda sana'ar ta fi barin sawu shi ne a cikin magana. Ana cewa jikin mutum yana rawa kamar mazari in tsoro ko sanyi ya kama shi. Ana cewa an gano bakin zaren in an sami mafitar wata matsala. Mai tunani yana saƙa da warwara, ko yana saƙar zuci, mai mugun nufi kuma yana yi wa wani saƙa da mugun zare. Wanda yake ta kai da komo ana cewa yana wadari. Yaron da ya tashi a Kubwa ko Nyanya yana iya faɗin wasu daga cikin waɗannan daidai, alhali bai taɓa ganin mazari yana juyawa ba, ya riƙe ma'anar aro ya rasa ta asali. Kalmomin da ba su sami shiga salon magana ba su ne suka fi shiga haɗari. Gurza ta tsira saboda injin gurza, alli ya koma na allon makaranta, ƙoshiya ta sami wuri a keken ɗinki. Sutu da taskira da arafiya da allera kuwa suna nan a ƙamusun Bargery na 1934, amma a bakin mutane sai wajen tsofaffin mata a ƙauyuka da 'yan tsirarun masaƙan da har yanzu suke neman abawar hannu don saƙar gwado.